Shekarar da Na Koyar da Surukina Turanci

Ina da shekara ashirin da biyar a duniya, wata takwas da aure, lokacin da wani kamfanin Turawa mai sayen fatu da ƙiraga ya ɗauke ni in koya wa malamansa magana da Turanci. 'Yan shekaru ne kafin mulkin kai. Da safe ina koyar da yara a wata makarantar elementare a Shahuci, bayan la'asar kuma malaman kamfanin su zo su same ni a wannan ajin, su zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu na tokare da tebur. Su goma sha biyu ne. Duk sun iya karatu da rubutun boko, wasu ma hannunsu ya fi nawa kyau, bakin ne dai babu. Shekara da shekaru tafinta ke tsaya musu. Sai aka kawo sabon manaja, aka ja wayar tarho har rumfunan awo, ya ce tarho ba ta jiran tafinta. Ya ba su wata uku. In sun cika zai zo da kansa ya saurare su, wanda ya iya magana ya ci gaba da aikinsa, wanda bai iya ba ya tafi gida.

Ranar farko na shiga aji da taƙamata, littafi a hammata, na yi sallama na ɗaga kai. Can a benci na ƙarshe, jikin bango, sai ga mahaifin matata a zaune.

Na san a kamfanin yake aiki, amma ko a mafarki ban zaci za a turo mutum mai shekara hamsin da wani abu ya zauna a bencin yara ba. Shekararsa ashirin da shida yana tantance fata. Taɓawa ɗaya yake yi ya gaya maka ko ta yanka ce ko ta mushe, ko a inuwa aka shanya ta ko a rana. Da wannan aikin yake riƙe da gida guda a Soron Ɗinki, matansa da 'ya'ya da marayun ƙaninsa, kuma ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Asalinsu Fulani ne, kakansa ne ya ajiye sanda ya shigo birni, don haka kunyarsa ninki biyu ce. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na hango shi a lungu sauka nake daga keke, in cire takalmi, in durƙusa daga nesa. Shi kuma ya amsa gaisuwar yana duban wani gefen, ya wuce da sauri kamar shi ne mai laifi. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin 'yarsa yake bi.

Ban san yadda na gama darasin ranar ba. Na dai tuna na yi shi ne ina fuskantar allo, ina yi wa alli bayani. Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini tuwo, ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ce, “Malam, Baba ba ya iya zaman gida. In aka sallame shi, ban san yadda za a yi ba.” Ban iya cin tuwon ba.

Littafin da kamfanin ya ba ni daga Ingila aka kawo shi, kuma dabararsa ɗaya ce. A raba ɗalibai huɗu-huɗu, su zauna a kewaye, su yi hira da Turanci a kan abin da kowa yake yi don nishaɗi in ya tashi daga aiki. Mai littafin ya ce wannan shi ne zancen da ya fi sauƙi a duniya, kowa na son yin sa. Allah Sarki, bai taɓa zuwa Kano ba.

Na raba su. Abu na farko, babu wanda zai buɗe baki kafin wanda ya girme shi. Babban kuwa in ya faɗi jimla ɗaya, sauran su ce haka ne, hira ta ƙare. Abu na biyu ya fi ƙona mini rai. Magidanci mai gemu ba zai zauna cikin mutane ya ce yana wasa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya ina tambaya, amsa iri ɗaya: in na tashi daga aiki ina zuwa masallaci, ina karatu, ina zumunci. Mutum goma sha ɗaya, waliyyi goma sha ɗaya. Alhali da idona na sha ganin ɗayansu a gidan dambe yana tsalle har hularsa na faɗuwa. Wani kuma kullum yana gindin ceɗiyar unguwarmu yana dara, ana jin gardamarsa daga bakin titi. Akwai wanda duk birni an san ba a nuna sabon fim a Fagge ba da shi ba. Amma a ajina duk sun zama na Allah. Jimla uku suka haddace, da su suke shiga, da su suke fita.

Na goma sha biyun, surukina, shi ban tambaye shi ba. In na zo kusa da ƙungiyarsu sai ƙafata ta kauce da kanta. Shi ma in ya ji takuna sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyara bakin rigarsa. Sauran sun san abin da ke tsakaninmu, sai su ma su yi tsit don su taya mu kunyar. Haka muka cinye wata guda ban ji muryarsa da Turanci ba, ban san ko ya iya ba, ban san ko bai iya ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na rame har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko shawara ke damuna. Na yi tunanin in ajiye aikin, to amma kamfanin ba zai ƙara musu ko kwana ɗaya ba, kuma wanda zai gaje ni daga farko zai soma. Gaba kura, baya sayaki.

Mafita ta zo ne daga inda ban zata ba. A cikinsu akwai wani Babarbare, sa'an surukina, mai kula da sito, mutum mai baki kamar reza. Wata rana an tashi, ina ɗaure littattafai a bayan keke, sai na jiyo shi a bakin ƙofa yana tsokanar surukina, wai Bafulatani ko an sa shi a makarantar Sarkin Ingila, nono zai tambaya. Sai na ji surukina, mutumin da na ɗauka ba ya haɗa kalma biyar a yini, ya mayar masa da martani mai zafi har mutane suka bushe da dariya. Na tsaya riƙe da igiya. Wata guda ina raba mutanen nan bisa ga yadda suke zaune a benci, ban taɓa tambayar kaina wa ke wasa da wa ba.

Kashegari na sake rabo. Na haɗa Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, na gano akwai taubasai biyu na zaunar da su gaba da gaba. Na kafa doka ɗaya: kowa ya tona asirin abokin wasansa, ya faɗi abin da ya san yana yi in an tashi daga aiki, amma da Turanci. Wanda ya yi Hausa ya faɗi, abokinsa ya ci shi. Ai kuwa sai ga waliyyaina sun kwance. Mai zuwa dambe aka fara tonawa, ya musa, aka kawo shaida, ya ce to shi wanda ya gan shi me ya kai shi wurin. Mai dara ya shiga bayanin yadda ake cin gida, kalma ta ƙare masa, ya fizge alli daga hannuna ya zana a ƙasa. Turancin duk a karye, amma magana ce ta gaske, mai rai, kowa na neman kalma don ya rama. Ƙungiya biyu suka cika aji da hayaniya. Ta ukun, inda surukina yake, shiru, don ina cikin ɗakin.

Sai na koyi fita. In na raba su sai in ce zan je in ga maigadi, in zagaya bayan aji in tsuguna ƙarƙashin taga a kan wani dutse. Malami guda, da takardar shaidarsa, yana laɓe a bayan ajinsa. Ban damu ba. A rana ta uku na ji Babarbaren nan ya ce da Turanci, shi ya san inda Bafulatani ke ɓacewa kowace Lahadi, neman mata ta uku yake. Aka yi dariya. Sai na ji wata murya a hankali, tana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya. Surukina ne. Ya ce ran Lahadi in ya yi asuba yakan fita ta Ƙofar Nassarawa da ƙafa, ya yi ta tafiya har ya bar gonaki, ya je wani mashayi inda makiyaya ke kawo shanu. Ba shi da ko ɗaya a ciki. Zama kawai yake a gindin wata tsamiya yana kallonsu. Ya ce duk mako fatar dabba yake taɓawa bayan ta mutu, shi ya sa yake son ya gan ta a jikin mai ita tana tafiya. In rana ta take sai ya taso.

Ni kuwa a bayan taga hawaye ne ya zubo mini, na farin ciki da na tausayi a haɗe. Turancinsa ya fi na kowa a ajin tsabta. Ashe shekarun nan duk yana ji yana adanawa. Da na gaya wa matata, ta riƙe baki. Su a gida an ɗauka ziyarar wani malami yake zuwa a ƙauye.

Daga nan muka samu hanyar aiki. In ya yi kuskure ina ji daga waje, sai in rubuta gyaran a takarda in ba Babarbaren, shi kuma ya shigar masa da shi cikin tsokana. Ina jin surukina ya san daga inda gyaran ke fitowa, kuma ya san wanda ke bayan taga. Bai nuna ba, ni ma ban nuna ba. Na fara cin abinci, na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, Baba ya haye.

Ana saura kwana huɗu jarrabawa takarda ta zo daga manaja. Ya ce zai zo ran Litinin, za a yi yadda littafi ya tsara: kowace ƙungiya ta zauna a kewaye, malami ya zauna a cikinsu ya ja hirar, shi kuma yana gefe yana saurare. Na karanta sau uku.

Na hau keke na tafi ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera. Na ce ina ganin ɗaliban za su fi sakin jiki in ba na wurin. Ya yi mamaki, ya ce ai akasin haka ne, shi suke tsoro, ni kuwa sun saba da ni, don sauƙinsu ma ya tsara hakan. Ya tambaye ni ko akwai wani dalili. A nan ne ya kamata in faɗa, ban faɗa ba. Na gaya wa kaina in ya ji akwai surukina a ajin zai yi zargin na ɓoye don son kai, ko ya kira dattijon ya tambaye shi, abin ya zama tonon silili. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Yanzu da na tsufa zan iya faɗin sauran. Mutumin nan yana yi mini magana kamar sa'ansa, yana yaba Turancina, ni kuma ban so ya san cewa wannan wayayyen malamin yana cire takalmi ya durƙusa a lungu ba. Na ajiye kunyar da ta kamata, na ɗauki wadda ba ta da amfani. Na ce babu wani dalili, na yi godiya na fito.

Matata ta ce in kwanta ciwo ranar. Na yi tunanin haka sosai. Amma in ban zo ba manajan da kansa zai tambaye su ɗaya-ɗaya, na kuma san rabinsu in Bature ya kafa musu ido ko sunansu ba za su tuna ba. Mutum goma sha ɗaya, kowa da iyalinsa. Sai na je wurin Babarbaren na roƙe shi ya gaya wa Baba, don Allah ranar ya ɗauke ni kamar bango, ba zan dube shi ba, ba zan ce masa komai ba. Ya je ya dawo da amsa gajeriya: a ce wa Malam ya yi aikinsa.

Ran Litinin suka zo da manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ƙungiya ta farko da ta biyu suka yi abin kirki, mai dara har ya sa manajan dariya. Aka zo ta uku. Na ja kujerata na ɗan karkata ta wajen ƙofa, na kafa idona a kan wata tsaga a daɓe. Na buɗe hirar da tambaya ga kowa da kowa, ban nufi kowa ba. Biyu suka yi nasu. Sai Babarbaren, Allah ya jiƙansa, ya gyara murya ya jefa tsokanarsa ta ran Lahadi. Na shiga karanta duk addu'ar da na sani a zuci.

Sai ya fara. Ya faɗi fitarsa da asuba, ya faɗi ƙofar, ya faɗi tafiyar da mashayin. Na ga ta gefen ido manajan ya daina rubutu ya ɗago kai. Ya zo inda zai ce wata rana ya ga saniya ta tsallaka ruwa ta bar maraƙinta a baya, sai kalmar maraƙi ta ɓace masa. Ya tsaya. Ya maimaita farkon jimlar, ya sake tsayawa. Da na bar shi, da ya zagaye ta, na sha jin ya yi haka daga bayan taga. Da na bar Babarbaren, da ya miƙa masa ita cikin wasa, har ya buɗe baki. Amma shekara biyar ina koyar da yara, in yaro ya maƙale miƙa masa kalma nake yi, bakina ya saba. Kafin in san abin da nake yi na ɗago kai, na dube shi ido cikin ido, na faɗi kalmar da ƙarfi, har da gyaɗa kai irin na ƙarfafa wa yaro gwiwa.

Mijin 'yarsa ya gyara masa magana a gaban abokan aikinsa, a gaban Bature. Na ga fuskarsa a karo na farko sosai, na kuma ga lokacin da ta rufe. Ya mayar da idonsa ƙasa. Manajan ya ce ya ci gaba, yana jin daɗin labarin. Shiru. Ya sake tambayarsa cikin lallashi, ya sauƙaƙa tambayar, ya ce to ya faɗi launin saniyar kawai. Babarbaren ya yi tsokana, ya sake yi, har muryarsa ta koma roƙo. Surukina bai ƙara cewa komai ba. Na miƙe na ce a ba ni izini in fita, manajan ya ce in zauna, saura kaɗan a gama. Ya duba agogo, ya jira, ya yi rubutu a takardarsa.

Na bi shi har mota. A nan na faɗa masa komai, abin da na kasa faɗa a ofis, ina haɗa kalmomi kamar ɗalibaina. Ya saurare ni, ya ce abin da ban sha'awa, amma ya kamata in gaya masa tun da wuri. Ya ce a rumfar awo ma akwai mutane iri-iri, mutumin da zai ɗauke wuta saboda wanda ke tsaye kusa da shi ba zai riƙe tarho ba. Kuma in ya sake wa mutum ɗaya jarrabawa don surukin malami ne, me zai ce wa sauran? Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ya dafa kafaɗata ya shiga mota.

Mutum goma suka ci. Biyu aka sallama a ƙarshen wata, surukina da wani da dama bai cika zuwa aji ba. Kamfanin ya aiko mini da takardar yabo.

Bayan an sallame shi na yi kwana shida ban iya bin hanyar Soron Ɗinki ba. A na bakwai, bayan sallar Juma'a, na yi ta maza na tafi. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan buzu, a lokacin da bai saba zama gida ba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Na tambayi gida, ya ce lafiya. Ya tambayi aiki, na ce da godiya. Duk maganar da na shirya a hanya ban faɗe ta ba, don neman gafarar ma sai na ambaci abin da ya faru, ambatonsa kuwa sake yi masa ne. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Daga baya ya ce in gaida gida, na tashi.

Da na isa gida na tarar da matata ta dawo, ashe tun safe tana can cikin gidansu. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce Baba ya ba ta saƙo tun kafin in je.

Na ce ina ji.

“Ya ce in ba ka haƙuri. Wai ka yi wahala da shi wata uku, ga zaman bayan taga, shi kuma ya kunyata ka a gaban Bature. Ya ce don Allah ka yafe masa.”

Na zauna a kan turmi. Ita kuma ta ci gaba da tankaɗenta, hawaye na ɗiga cikin garin, ba ta share ba.